Ajiye mota a gida a hau ta haya: amsa ga wata malama daga Kawo

Wata malamar makaranta da ke zaune a Kawo, tana koyarwa a Barnawa, ta aiko da tambaya. Ta ce tun da mai ya yi tsada ta ajiye motarta ta koma hawa bas da Keke Napep. 'Yarta da ke jami'a tana ta yaba mata, wai taimakon muhalli take yi, ita kuwa ba ta gamsu ba, domin bas ɗin da take shiga ya fi motarta hayaƙi nesa ba kusa ba. Ga ture-ture, ga tsawar kwandasta, ga tsofaffi a tsaye babu mai kula su. Ta ce da zarar hali ya samu motarta za ta koma. Abin da take son sani shi ne, da gaske akwai wani amfani a wannan wahala, kuma me fasinja guda zai iya gyarawa?

Malama, Allah Ya saka da alheri a kan tarbiyyar yaranmu. 'Yarki tana da gaskiya, kuma abin da idonki ya gani game da hayaƙi shi ma gaskiya ne. Abu biyu ne suka cakuɗe, sai an raba su. Na daɗe ina aikin ƙidayar motoci da fasinjoji a titunan garin nan domin tsara zirga-zirga, saboda haka zan fara miki da lissafi, sannan in zo kan zaman mutane a cikin mota, wanda a ganina shi ne ya fi nauyi a tambayarki.

Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Man dizal ya ɗan ɗara, wajen kilo 2.7. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma sabuwar mota da tsohuwa duk suna fitar da ita gwargwadon man da suka sha. Mu ɗauka zuwanki Barnawa da dawowa, haɗe da 'yan ratse-ratse, kilomita 30 ne a rana, motarki kuma 'yar Kwatano ce mai shan lita 10 a kilomita 100 cikin cunkoson gari. Lita 3 ke nan kullum. A kwanakin aiki 22 kin ƙona lita 66, a watanni 9 na karatu kusan lita 600, wato kilo 1,300 da ɗoriya na iskar kabon, ke kaɗai a mota. Yanzu ɗauki bas ɗin nan da kike ƙorafi a kansa. A ce injinsa ya gaji yana shan lita 15 a kilomita 100. A tafiyar nan taki zai sha lita 4 da rabi, amma mutum 14 ne a ciki, rabon kowa bai wuce sulusin lita ba. Ko da rabin kujerun babu kowa, rabonki bai kai rubu'in abin da motarki za ta sha ba. Keke mai fasinja uku shi ma kusan nan yake, sai dai in kin ɗauke shi dirof, man gaba ɗaya a kanki yake. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne na misali, amma duk yadda kika juya su da hankali, bas cike da mutane zai rinjayi mota mai mutum ɗaya.

Akwai kuma lissafin fili. Mutum 14 a motoci 14, in suka jeru a layin shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, sun cinye mita 80 da wani abu na titi. A bas ɗaya ba su wuce mita 6 ba. Duk motar da aka bari a gida tana rage tsayuwar waɗanda suka fito, kuma mota a tsaye injinta na aiki mai take sha a banza.

To, hayaƙin da kike gani fa? Wannan cuta ce ta daban, kuma ba zan wanke tsofaffin bas-bas ɗinmu daga laifinta ba. Baƙin hayaƙi alama ce ta man da bai ƙone sarai ba, galibi saboda matatar iska ta toshe ko nozul ya lalace. Mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke zurarewa yana ƙonewa, ringin ya cinye. A cikin hayaƙin akwai ɓurɓushin toka da ake kira PM2.5, wanda ya fi silin gashi siranta wajen sau 30, yana wucewa can cikin huhu har ya shiga jini. Akwai kuma iskar nan mai guba marar wari, irin wadda ke hallaka masu kwana da janareta a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacinsu a shekarar 2019. A nan Kaduna abin ya fi muni da hunturu, lokacin da iska mai sanyi ke kwantawa ƙasa da asuba ta danne hayaƙi, ya haɗu da ƙurar hazo da hayaƙin bola da na itace. Waɗanda suka fi shaƙarsa ba masu mota ba ne. Mai ƙosai ce a bakin titi da goyonta, da mai faci, da jami'in KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, da ke tsaye a mahaɗa, da direban Keke da ke bin salansar tirela tun daga Mando har Kakuri. Maganin wannan shi ne gyaran inji da binciken lafiyar motoci na gaskiya. Komawarki mota ba zai rage wa bas ɗin nan hayaƙi ko kaɗan ba, zai dai bi hanyarsa da kujera ɗaya babu kowa, ga kuma ƙarin salansa guda a kan titin Ali Akilu.

Ki lura da abin da lissafin nan ya rataya a kai: mutum 14. Bas ba shi da wani tsarki a karan kansa, cikarsa ce ke sa ya zama alheri ga iska. Abin da na gani a aiki kuwa shi ne, mai hali ba ya gudun motar haya saboda jinkiri kawai. Wulaƙanci ne ke korarsa. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mutane da yawa irinki suka ajiye mota ba don suna so ba. Waɗannan su ne masu zaɓi, kuma yadda aka mu'amalance su a tasha da cikin mota shi zai yanke ko za su zauna ko za su koma. Shi ya sa ba na ɗaukar kirki a motar haya a matsayin ado. Yana cikin abin da ke riƙe da harkar, kamar mai da taya.

Wata safiya ina tsaye ƙarƙashin gadar Kawo da takardar ƙidaya a hannu, kwandasta na rataye da ƙofa yana kiran "Kasuwa, Kasuwa, saura biyu!" Wata dattijuwa ta iso da bokitin awara a ka, murfinsa ɗaure da tsumma, ga kujerar zamanta 'yar tsugunne a hannu. Matakin motar ya yi mata tsawo. Wani saurayi da ke bakin ƙofa, da jakar makaranta a ƙirji, ya ce, "Kawo, Baba." Ya karɓi bokitin ya ɗora a cinyarsa, wata mata ta miƙo hannu ta jawo ta, na kujerar baya suka matsa ba a roƙe su ba. Kafin in rubuta lambar motar sun tashi. Na sha ganin kishiyar haka a wuri guda: kowa ya kau da kai, tsohuwa na kokawa da kaya, kwandasta na tsawa, direba na taka totur, motoci biyar a baya suna ta ham, hayaƙi na tashi. Bambancin minti biyu ne ko uku, amma ki ninka shi da yawan tsayawar da bas ke yi daga Kawo zuwa Sabon Tasha, da yawan motocin da ke bin hanyar a yini. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa taimaka wa mutum ya hau abin hawansa, ko ɗora masa kayansa a kai, sadaka ce, haka ma kawar da abin cutarwa daga hanya. Mu da muka karanta tsarin sufuri da lissafi muka iso wurin, amma maganar tana nan tun tuni.

Canji shi ne babban abin da ke haddasa faɗa. Mutum ya shigo da ƙarfe bakwai na safe da 'yar dubu, bai faɗa ba sai da ya zo sauka, mota ta tsaya ana neman canji daga kujera zuwa kujera. Ki tanadi ƙananan kuɗi tun dare, in babu ki faɗa kafin ki hau. In kuma kin ga wani ya maƙale, naira 50 ta gagare shi, kuma kina da ita, ki cika masa a hankali ba tare da kowa ya ji ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, na ga mutum ɗaya ya biya wa baƙi uku a mota suka yi masa tiransifa, na huɗun da wayarsa ta ƙi kuwa, mai biyan ya ce masa ya bar shi. Da irin wannan garin ya yi ta motsi a makonnin nan.

Sauka ma akwai ladabi a cikinta. Mu Kadawa mun saba kowa sai an kai shi bakin layinsu. Wannan ya ce "akwai", an tsaya, an tashi, ba a yi taku hamsin ba wani ya ce "akwai". A tashi daga tsaye inji ya fi shan mai da fitar da hayaƙi. Mai lafiyar ƙafa in ya ga an tsaya kusa da inda za shi, ya sauka tare da jama'a ya taka sauran. A bar wa tsoho da mai ciki da mai kaya alfarmar a kai su daidai wurinsu.

Game da kwandastan da ke miki tsawa, ba na ba shi uzuri a kan rashin kunya, amma ki san halin da yake ciki. Kafin shi da direba su ga ko sisi, sai sun haɗa balas na mai mota, sun sayi mai, sun yanki tikitin tasha, sun sallami 'yan kamasho, kuma duk abin da ya lalace a hanya su za su fara nemo bakanike. Abin da ke sa su cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku ke nan. Shi ke sa kuma direba ba ya kashe mota a wurin lodi, don batirinsa ya mutu, in ya kashe sai an tura. Yaron da aka yini ana kira "kai" da "ɓarawo", in kika ce masa "sannu da aiki, ɗana", sau da yawa za ki ga muryarsa ta sauka. Ke malama ce, kin fi ni sanin yadda yaro ke sauyawa in an kira shi da mutunci. Sai dai tausayi bai haɗa da yarda da ganganci ba. Zaman fasinja a gefen direban Keke yana hana shi juya kan Keken yadda ya kamata, kuma in aka kife na gaban nan ne ke fara faɗowa. Ƙin hawa irin wannan lodi taimako ne ga direban kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin mata da 'yan mata. Yarinya ta fito za ta makaranta, wani ƙato ya matse ta da gangan, ta kasa magana don kunya, mota cike da manya kowa ya yi kamar bai gani ba. Yarinyar nan gobe za ta roƙi mahaifinta kuɗin dirof, ko ta fara fashin makaranta, in ta girma ta sami hali kuwa ta yi sallama da motar haya har abada. Ba sai an yi hayaniya ba. Babbar mace irinki ta ce, "'Yata, dawo nan kusa da ni," ko wani dattijo ya ce, "Samari, mu yi musanyar wuri," magana ta ƙare, kuma mai mugun nufin ya san an gan shi. Haka yaran firamare da iyaye ke sakawa a mota su ce a sauke su wuri kaza. Amana ce a wuyan duk wanda ya ji, a tabbatar an sauke su daidai, wani ya riƙe hannunsu su tsallaka.

Masu buƙata ta musamman kuwa haƙƙi ne da su, ba alfarma ba. Dokar hana nuna musu wariya da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba su fifiko a layi, ta kuma wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a da ababen hawa. A titi har yanzu za ki ga direba ya hango mai keken guragu ya ƙara wuta, don yana ganin naɗe keken zai ɓata masa lokaci. In fasinjoji biyu suka ce, "Direba tsaya, mu za mu ɗaga," zai tsaya.

Akwai wani abu da hanyarki ta keɓanta da shi. Kullum sai kin haye kogin Kaduna sau biyu. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 zaman garin nan ya rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Yara da dama sun tashi ba su da maƙwabci ko abokin aji daga ɗaya ɓangaren. Wuraren da suka rage ana haɗuwa kafaɗa da kafaɗa ba su da yawa: kasuwa, asibiti, wurin aiki, sai motar haya. A bas ɗin Sabo za ki ga mai hijabi riƙe da jaririn wata mai dawowa daga coci, don uwar ta samu ta ciro kuɗi daga jaka. Na ga direba ya dakata da azumi daidai shan ruwa, wani fasinja da ba ya azumi ya miƙa ruwan leda baya. Wanda ke cikin motarsa gilashi a rufe ba ya ganin wannan, 'ya'yansa ma ba sa gani. Ni ina ganin garin da ya sha irin abin da Kaduna ta sha yana buƙatar wannan cuɗanya ƙwarai.

Ledar ruwan nan kuma, in an shanye, a riƙe ta har a sauka. Wadda aka wurga ta taga kwata take faɗawa, da damina ta toshe magudana, ruwa ya hau titi ya ci kwalta, ramin da ya bari kuma shi ke karya ƙafar motar da za ki hau baɗi.

Kirki ba ya hana taka-tsantsan. Ki hau a tashar da aka sani, ki duba fuskokin da ke ciki kafin ki shiga motar da ba ta da alamar haya, musamman da magariba, saboda 'yan wan cans, masu fashi da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya. Waya a jaka in kina gefen ƙofar Keke.

Ba zan ɗora wa fasinja abin da ba nasa ba. Jiran da kike yi a rana babu rumfa, da rashin sanin yaushe mota za ta zo, aikin hukuma ne. A 2025 gwamnatin jiha ta kawo manyan bas 100 masu amfani da iskar gas ta CNG, aka fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai da 'yan fansho kyauta. Mataki ne mai kyau. CNG ba ta da baƙin hayaƙin dizal, kuma iskar kabon ɗinta ta gaza ta fetur da wajen kashi ɗaya cikin biyar, ko da yake ita ma daga ƙasa ake haƙo ta, ba tsarkakakkiya ba ce ɗungurungum. Abin da zai nuna nasarar shirin shi ne ko motocin na nan suna aiki bayan shekara biyar, da kayan gyara, da jadawalin da ma'aikaci zai dogara da shi, domin sayen bas bai taɓa gagarar gwamnatocinmu ba, riƙonsa ne ke gagara. Wadatar iskar kuma tana da alaƙa da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. In kin ji sha'awar mayar da motarki kan CNG, ki je wurin da aka amince da shi kawai. Iskar ana matse ta da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, kuma tukunyar bogi da aka yi wa walda bam ce a bayan mota. Don tafiyar Abuja kuwa, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a Yulin 2016, ya fi mota mai mutum ɗaya sauƙi ga iska ta kowace fuska.

Shawarata kada ki sayar da motar, kada kuma ki mayar da ita abin hawan kullum. Ki bar ta don asibiti, da fitar dare, da ranar da za ki kwashi yara da kaya. Ki riƙa tayar da ita kina ɗan zagayawa duk mako don kada batir ya mutu, ki duba iskar taya wurin mai faci, domin taya mai laushi na ƙara shan mai, ki canja matatar iska a kan lokaci. Ranar da za ki fita da ita zuwa makaranta, kada ki tafi da kujeru uku babu kowa. Ki tambaya a ɗakin malamai su wa ke zaune Kawo, Hayin Banki, Unguwar Dosa ko Badarawa. In kuka zama huɗu kuna karɓa-karɓa ko kuna haɗa kuɗin mai, lita 3 ɗin nan ta koma ƙasa da lita guda a kan kowacce, kuma ku tsayar da wurin haɗuwa ɗaya a bakin babban titi da lokaci guda, don kada zagayen ɗaukar juna gida-gida ya cinye abin da kuka rage.